Darasi na 14: Kafa wa Ƙaramar Sana'a Shafin Intanet da Kuɗi Kaɗan

Masarar da ake nomawa a ƙasar Faskari da Sabuwa ba duka ake cinye ta a nan ba. Da kaka ta yi, manyan motoci ne ke jerin gwano a Ɗandume da Sheme da Funtuwa, a loda buhuna a nufi Dawanau a Kano, ko a gangara kudu inda kamfanonin abincin kaji suke. Haka waken suya, haka auduga, haka farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara, wadda masu yin fenti da alli da tangaran ke nema. Mai sayen da ke Ibadan ko Legas bai san wanda ya noma ba, bai san wanda ya haƙo ba. Dillalin da ke da lambarsa kaɗai ya sani, kuma tsakanin wannan dillali da mai kaya akwai hannu biyu ko uku, kowa da la'adarsa.

Shafin intanet ba zai kashe dillanci ba, ba a ma so ya kashe shi. Dillali na gari yana da ranarsa: shi ya san direban da ba ya ɓatar da kaya, shi ya san mai biya da mai cin bashi. Aikin shafi shi ne baƙon da ke nesa ya same ku da kansa, ya ga abin da kuke sayarwa, ya ga alamar cewa ku mutanen gaske ne, sannan ya ɗaga waya. A wannan darasi za mu ga wanda ya dace ya yi shafi, da abin da ake biya da abin da ake samu kyauta, da kuma abin da bai kamata ɗan wannan yanki ya saka a shafinsa ba, ko da an ce masa ado ne.

Ba kowa ke buƙatarsa ba

Gara a faɗi wannan tun da wuri, kafin wani ya sayar da akuyarsa ya kai wa mai kwamfuta kuɗin. Mai shayi a bakin tasha, da mai ƙosai, da mai faci, da ƙafa masu sayen kayansu ke zuwa. Babu wanda zai buɗe Google yana neman inda zai sha shayi a Yankara. Kowa ya tambayi kansa: shin wanda bai taɓa ganina ba, yana wani gari, zai iya sayen kayana? In amsar ita ce a'a, to ya riƙe kuɗinsa. In amsar ita ce e, kamar ƙungiyar manoma da ke tara hatsi, ko masu farar ƙasa, ko matan da ke matse man gyaɗa suna tura shi Kaduna, ko mai ɗinkin hula da ake aiko wa daga Abuja, ko makarantar kuɗi da iyayen yaranta ke aiki a wasu garuruwa, to darasin nasa ne.

Wani zai ce, to ai ina da WhatsApp, ina da Facebook, me ya rage? Gaskiyarsa, kuma daga nan ya kamata kowa ya fara. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, tana da wurin jera hotunan kaya da farashinsu, tana kuma amsa sallama da kanta idan mai waya ba ya kusa. Wanda bai iya riƙe wannan ba, wanda saƙo ke kwana uku a wayarsa ba amsa, shafi ba zai ƙara masa komai ba sai ɗawainiya.

Amma akwai giɓi biyu. Na farko, wanda ba shi da lambarku ba zai taɓa ganin abin da kuka ɗora a WhatsApp ba. Manajan kamfanin abincin kaji da ke neman waken suya tan talatin, Google yake tambaya. Na biyu, waɗannan wurare duk na wasu ne, kuma mai wuri yana iya rufe wurinsa ba tare da ya yi shawara da ku ba. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, masu talla a can kuwa suka zauna jiran tsammani. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su ma san an yi ba, domin a lokacin babu sabis a yankin kwata-kwata. Za mu dawo kan wannan. Sannan a watan Maris na 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya daɗe yana bai wa masu shaguna, waɗanda adireshinsu ke ƙarewa da business.site. Duk wanda ya buga irin wannan adireshi a katinsa ko a jikin buhunsa, ya tashi a tutar babu.

Abubuwa uku da suka haɗa shafi

Ku dubi rumfa a kasuwa. Akwai lambarta da ke rubuce a littafin sarkin kasuwa da sunan mai ita. Akwai filin da aka kafa ta, wanda ake biya wa haya. Akwai kuma kayan da aka baza a ciki. Shafin intanet ma haka yake. Lambar rumfa ita ce sunan shafi, wanda masu aikin ke kira domen, wato abin da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso gare ku. Fili shi ne mazauni, su suna cewa hostin: wata babbar kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana, tana iya kasancewa a Legas ko Turai ko Amurka, a cikinta ake ajiye shafinku. Kayan rumfa kuwa su ne rubutu da hotuna da lambobin waya.

A cikin ukun nan, suna ya fi komai. Mazauni in ya yi tsada ko ya cika matsala, sai a kwashe kaya a koma wani, masu saye ba za su ma lura ba. Rubutu da hoto a sake su ko yaushe. Amma suna in ya kuɓuce, duk katin da aka raba da duk buhun da aka buga sun zama na banza, wani lokaci ma wani ne zai saye shi ya riƙa karɓar baƙinku.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng na Najeriya ne, ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, an kafa ta a 2005. Ba a wurinta kai tsaye ake saye ba. Akwai kamfanonin da ta amince wa su yi rajista, irin su Whogohost, wanda yanzu ya koma GO54, da QServers da Web4Africa, kuma jerin sunayensu yana shafin ita NiRA ɗin, kowa na iya dubawa. Ga ƙaramar sana'a, mai ƙarewa da .com.ng ya wadatar. Ya fi .ng zalla arha, kuma da naira aka yanka kuɗinsa. Shi kuwa .com da kowa ya fi sani, farashinsa dala yake bi. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Wanda ya ɗaure sana'arsa da abin da ake biya da dala ya ga yadda kuɗin sabuntawa ya ninka ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ba a sayen suna a mallake shi har abada. Shekara-shekara ake sabuntawa. In wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi zai ɗauke, a ba da ɗan lokaci na uzuri, daga nan sai da tara mai nauyi, daga nan kuma a sake shi ga duk mai so. Ku kuma lura da wata dabarar 'yan kasuwa: sukan karya farashin shekarar farko, su ɓoye na shekara ta biyu a ƙananan baƙaƙe. Kada ku tambayi kuɗin bana kaɗai, ku tambayi na baɗi.

Wajen zaɓen suna, ya zama gajere, wanda za a faɗa wa mutum a waya cikin hayaniyar kasuwa ya rubuta daidai. A guji baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin mai saye a Ibadan ba shi da su a wayarsa. Ƙanƙara sai ta koma kankara. Sunan da ya haɗa kaya da gari ya fi wani dogon suna na Turanci da ba wanda zai tuna.

Wa zai riƙe mabuɗi?

Yawancin asarar da ƙananan 'yan kasuwa ke yi a wannan harka ba daga 'yan damfara na nesa take zuwa ba. Daga yaron gida take zuwa, wanda ya yi aikin da zuciya ɗaya amma ya yi rajista da imel ɗinsa. Mutum biyu su tashi su karanta wannan zance, ɗaya ya zama ɗan kasuwa, ɗaya ɗan ƙanwarsa da ya koyi kwamfuta.

Kawu: To ɗana, nawa ne ladan aikinka, nawa ne kuma na kamfani?

Saurayi: Kawu, ai a haɗe ake biya. Ku dai ku ba ni kaza, ku bar mini sauran.

Kawu: A'a, raba mini su. Na suna daban, na mazauni daban, ladan hannunka daban. Baɗi kuma nawa zan biya?

Saurayi: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, baɗi babu ladan hannu, sai in akwai gyara. Na suna ne kawai da na mazauni.

Kawu: Madalla. Da imel ɗin wa za a yi rajista?

Saurayi: Da nawa zai fi sauƙi, tunda ni zan riƙa kula da shi.

Kawu: Sauƙin yau ne wannan. In ka tafi bautar ƙasa fa, ko aka sace wayarka? A buɗe nawa, a gabana. Lambar sirri kuma ni zan rubuta ta da hannuna, in adana inda nake adana takardar gona.

Saurayi: Shi ke nan, Kawu, yadda kuka ce.

Kawun nan bai zargi kowa ba, kuma bai iya kwamfuta ba. Abin da ya iya shi ne ciniki. Rajistar suna ta kasance da sunan mai sana'a, da imel ɗinsa, da layin wayarsa da aka haɗa da lambarsa ta NIN. In ƙungiya ce, a buɗe imel na ƙungiya, shugaba da ma'aji su san lambar sirri, a rubuta hakan a littafin taro. A kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan lambar sirri sai an turo wata lamba ta waya kafin a shiga. Wannan lamba da ake turowa ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Hanyar da ta fi arha

Mafi arha shi ne a sayi suna kaɗai, a samu mazauni kyauta. Google Sites da Blogger duk na Google ne, duk kyauta ne, kuma duk suna yarda a jona musu sunan da mutum ya saya. Kuɗin shekara ke nan bai wuce na suna ba. In wata rana Google ya rufe su kamar yadda ya rufe shafukan business.site, sai a ɗauke sunan a jona shi wani wuri. Ga dillalin hatsi ko ƙungiyar mata, a ganina wannan ya isa har shekaru, kuma mai basira zai gama haɗa shi a zama ɗaya ko biyu. Ya fi sauƙi a yi shi a kan kwamfuta, don haka a nemi aron ta ko a je shagon da ake buga takardu.

Hanya ta biyu ita ce a biya mazauni a ɗora manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, yau kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka gina su. Ita kanta kyauta ce, tana kuma iya komai, daga shago mai ɗaruruwan kaya har jarida. Amma tana son kulawa. Sai ana sabunta ta a kai a kai, in ba haka ba ɓarayin intanet su samu kafa. Wasu masu haɗa shafi, don su rage kuɗi, sukan ɗora kayan ado na sata da aka cire wa kulle, a ciki kuwa sau da yawa akwai ƙwayar cuta. Wanda ba shi da mai duba masa kowane wata, kada ya bi wannan hanya don kawai an ce ita manya ke bi.

Akwai kuma shagunan da kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack da Flutterwave ke bayarwa: a jera kaya, mai saye ya biya da kati, su cire ladansu a kowane ciniki. Sun dace da mai hula ko mai turare, wanda kayansa ke da tsayayyen farashi. Ba su dace da hatsi ba, wanda farashinsa na safe daban, na yamma daban.

Ko wace hanya aka bi, adireshin shafi ya fara da https, ba http ba. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome take nuna wa baƙo gargaɗin cewa shafin da ba shi da wannan kariya ba amintacce ba ne, baƙo kuwa da ya ga haka sai ya juya. Ana samun kariyar kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, kuma yawancin kamfanonin mazauni suna haɗa ta cikin kuɗinsu. Wanda ya ce ku biya mata kuɗi mai yawa daban, ku tambaye shi dalili.

Shafi ya zama mara nauyi

Mai haɗa shafi yakan so ya burge, ya sa hotuna masu yawo da bidiyo mai tashi da kansa. A kan kwamfutarsa a Kano abin gwanin sha'awa. Ku kuwa ku karɓi aiki a kan ƙaramar waya, a inda sabis ke sanda ɗaya ko biyu. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar. Hoto goma ke nan sun kai wajen megabait 40, a kan datar mai saye, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. A matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobait 200. Wanda bai san yadda ake yi ba, ya tura hoton ta WhatsApp zuwa wata wayar ya ɗauko wanda ya isa can, domin WhatsApp da kansa yake rage masa nauyi.

Fuska ɗaya ta isa. A sama sunan sana'a da garin da take. Sai abin da ake sayarwa, da ma'auninsa: buhu mai kilo nawa, sabuwar masara ce ko tsohuwa, fara ce ko ja, an sheƙe ta ko ba a sheƙe ba, mafi ƙarancin abin da ake lodawa, watannin da kaya ke samuwa. Mai farar ƙasa ya faɗa ko niƙaƙƙiya ce ko ɗanya. Sai yadda ake tura kaya, da wanda ke biyan kuɗin mota. Sai maɓallin da in an taɓa zai buɗe WhatsApp kai tsaye. Ana yin sa da rubuta wa.me/ a bi da 234 da lambar waya ba tare da sifirin farko ba. A rubuta da Hausa da kuma Turanci mai sauƙi, tunda mai sayen kudu ba lalle ya ji Hausa ba. Hotuna su zama na kayanku, ba waɗanda aka kwaso a intanet ba. Masu saye sun iya gane masarar Amurka.

Farashin hatsi kada a rubuta shi, sai in za a riƙa canza shi kowace ranar kasuwa tare da kwanan wata. Tsohon farashi rigima yake haifarwa. Masu sarrafa abinci a kwalba ko leda kuwa, idan sun samu lambar NAFDAC su sa ta a fili, idan ba su samu ba kada su ƙirƙira.

Abin da ba a sakawa

Littattafan koyon kasuwanci da aka rubuta a wasu ƙasashe suna cewa a sa hoton mai sana'a da iyalinsa, da taswirar da za ta kai baƙo har ƙofar shago, da hoton sito cike da kaya don a ga ƙarfin jari. Wannan shawara ba ta mutumin Sabuwa ba ce, wanda ke maƙwabtaka da dajin Birnin Gwari, ba kuma ta mutumin Faskari ko Ƙanƙara ba ce. Kowa a ajin nan ya san yadda aka sace ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ya kuma san cewa 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto, suna kuma riƙe da wayoyi irin namu. Shafin da mai saye a Legas zai buɗe, kowa ma zai iya buɗe shi.

Saboda haka a nuna kaya, kada a nuna dukiya. Hoton ƙwayar masara a tafin hannu ko a faranti ya fi gaya wa mai saye ingancinta fiye da hoton buhu dubu a jibge. Ba a sa hoton gida, ko mota da lambarta, ko yara. Ba a faɗin inda sito yake. Ba a rubuta ranar da mota za ta tashi, ko hanyar da za ta bi, ko cewa an kammala cinikin miliyan kaza. Sunan gari ya isa adireshi. In ana son wurin haɗuwa, a sa ofishin ƙungiya ko rumfa a babbar kasuwa. Lambar da ke shafi ta zama ta sana'a, daban da wadda iyali ke kira. Baƙon da ya kira ya fi damuwa da inda kuke kwana fiye da farashin kaya, a yi hattara da shi.

Bayanan masu saye ma amana ne. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Kada ku nemi abin da ba ku buƙata, kada kuma ku ba wani lambobin mutane.

Idan sabis ya ɗauke

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da kuma Funtuwa da Ɗandume da Bakori da Malumfashi. Sai a Disamba aka fara maido da su. Mutane sun riƙa yin doguwar tafiya don kiran waya ɗaya.

A irin wannan hali shafi ba ya mutuwa, domin kwamfutar da ke ɗauke da shi ba a nan take ba. Mai saye zai buɗe ya gani lafiya lau. Lambar da ke jiki ce ba za ta shiga ba, sai ya ɗauka sana'ar ta rushe. Maganin wannan tun yau ake yin sa: a sa lamba ta biyu, ta wani amintacce da ke zaune a Zariya ko Kano ko birnin Katsina, ba Funtuwa ba, tunda ita ma an haɗa da ita a wancan karo. A ba shi damar sa gajeriyar sanarwa a shafi ba tare da an damƙa masa mabuɗin suna ba. Google Sites da WordPress duk suna da yadda ake ƙara mai gyara. In da hali kuma a biya kuɗin suna na shekara biyu a haɗe, kada wa'adi ya cika a lokacin da saƙon tuni ba zai iso ba.

Kuɗi da amana

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, haka ma alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit ba shaida ba ne. Ba a ɗaura kaya a mota sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗi sun zauna. Shi ma mai saye yana tsoronku kamar yadda kuke tsoronsa, domin bai taɓa ganinku ba. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne sunan da ke shafi ya zo daidai da sunan asusun banki. Wannan kuwa sai an yi wa sana'a rajista da hukumar CAC, wadda ake yi ta intanet, a sa lambar rajistar a shafi don mai shakka ya bincika da kansa. Hukumar SMEDAN ta tarayya, wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanta kafin ya zama gwamna, da hukumar KASEDA ta jihar Katsina, wuraren neman bayani ne kan rajista da horo. Ciniki na farko da baƙo ya zama ƙarami, rabi kafin lodi, rabi bayan kaya sun isa, ko yadda kuka daidaita a rubuce.

Saura lissafi. Adadin da ke tafe na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce suna da mazauni da data da ɗan ladan mai gyara sun tashi naira 40,000 a shekara, ribarku a buhu kuma naira 1,000 ce. Sai shafin ya jawo cinikin buhu 40 da ba don shi ba da ba a yi ba, sannan ya biya kansa. Ga mai loda tirela, mai saye ɗaya ya gama zance. Ga mai sayar da tiya-tiya, wannan nauyi ne, gara ya tsaya a WhatsApp ko ya shiga shafin ƙungiya a raba kuɗin. Don ku san gaskiya, duk baƙon da ya kira ku tambaye shi inda ya samu lambarku, ku rubuta a littafi. Kuma shafi ba ya tallata kansa. Google yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya fara nuna sabo. A buga adireshin a buhu da rasit da kati da allon rumfa.

Aikin aji

Ku kasu gida-gida, mutum huɗu ko biyar, kowane gida ya ɗauki sana'ar ɗaya daga cikinsa. A kan takarda ɗaya ku zana yadda fuskar shafinta za ta kasance, da duk rubutun da zai hau. Ku ba gidan da ke kusa da ku su duba da ido biyu: na mai saye daga Ibadan, me ya rasa da zai hana shi kira? Da na mai mugun nufi, me ya samu da bai kamata ya samu ba?

Aikin gida

Kowa ya zaɓi suna uku da zai so wa shafinsa, ya faɗa wa wani a waya, ya ga wanne aka rubuta daidai ba tare da maimaitawa ba. Sannan ya tambayi kamfanonin rajista biyu kuɗin .com.ng na shekarar farko da na sabuntawa, ya raba jimillar kuɗin shekara da ribar da yake samu a buhu ko kwalba ko hula ɗaya, ya zo da amsar mako mai zuwa.